Waya mai baki uku ko mai biyar? Gardamar 'yan gem a Legas

Ɗan Agege: Salam jama'a. Na faɗa jiya kuma ina nan a kan bakana, duk wanda ya ce sai ka sayi wata waya ta musamman kafin PS2 (na'urar gem ta PlayStation 2) ta yi kyau a filasma kuɗinka yake so ya ci. Wayar AV ɗin nan mai baki uku, yalo da ja da fari, ka haɗa ta da 'yar kanbatar HDMI, wato akwatin da ke juya siginar ta shiga ramin filasma, da ke cike a kasuwar Alaba, 1080p, lambar hoto mai tsananin kyau, ne rubuce ɓaro-ɓaro a jikinta, magana ta ƙare

Mai Gyara Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa rubutun kwali daban hoto daban. Ja da farin nan sauti ne kawai, hoton gaba ɗaya a cikin yalon yake tafiya, haske da kala an cusa su waya ɗaya sai talabijin ta yi ta fama ta raba su, shi ya sa in ka matso kusa ka duba sunayen 'yan wasa a ƙasan allo a gem ɗin ƙwallo na PES za ka ga gefen haruffan na motsi kamar ɗige-ɗige na tafiya, jar riga kuma kalarta ta malalo kan ciyawa. To wannan hoton da ya riga ya dagule shi kanbata ke karɓa ta buɗa shi ya cika allo. Ka ƙara wa kunu ruwa ne ka ce ya yi yawa

Ɗan Agege: Ni dai idona bai ga wani ɗige-ɗige ba

Mai Gyara Idi-Araba: Inci nawa ce taka?

Ɗan Agege: 32

Mai Gyara Idi-Araba: Jarraba a 55 ka dawo mu yi magana. Mai baki biyar ita ake kira kamfonen, kore da bulu da ja na hoto, sauran ja da fari na sauti. Koren shi ke ɗauke da haske shi kaɗai, biyun su ɗauki kala, ba cakuɗa. Kuma wasu gem ɗin irin God of War suna bada 480p, hoton da ya fi na yau da kullum tsafta, wanda ba zai taɓa bi ta yalo ba

Baban Ummi: Malam ni fa na sayi mai biyar ɗin nan, na jona allo ya yi baƙi ƙirin, sauti na fita hoto babu. Tana nan cikin durowa. Don haka ni ina bayan Ɗan Agege wlh

Mai Gyara Idi-Araba: Baban Ummi kar ka yar da ita. Mayar da AV tukuna don ka ga allo, cire faifai ka shiga System Configuration, akwai wurin Component Video Out, in yana kan RGB ka mayar da shi Y Cb/Pb Cr/Pr sannan ka canza wayar. Kuma ka kula ja biyu ne a jikinta, na sauti yana tare da fari, mutane da yawa nan suke musanyawa

Alhaji Mai Gidan Gem: Ku duka kun bar hanya. Na'urar da ta fito a 2000 don tsohuwar talabijin mai ƙaton baya aka yi ta, ku kuka kai ta filasma kuka jawo wa kanku sayen wayoyi. Shagona a Mile 12 duk masu ƙaton baya ne da AV, hoto lafiya lau, kuma yaro na danna fad ɗan wasa na bugawa. A filasma da kanbata akwai ɗan jinkiri, ku ba za ku ji ba amma yaran da ke buga gasa su za su gaya maka

Ɗan Agege: Alhaji Allah ya ƙara arziki, amma ɗaki ɗaya nake haya, ina zan kai wannan jibgegiya? ga cin wuta in an koma kan janareta

Alhaji Mai Gidan Gem: To wannan matsalar ɗaki ce ba ta waya ba

Sani Okada: Ni tawa filasmar ma ba ramin kore da bulun kwata-kwata, HDMI biyu ne da USB

Mai Gyara Idi-Araba: Sababbin haka suke zuwa yanzu. Kai nemi kanbatar da ake sokawa kai tsaye a bayan PS2 ɗin, ita siginar kamfonen take ɗauka ba ta yalo ba, ta sha wuta daga USB, saitin da na faɗa wa Baban Ummi ita ma sai an yi shi. Ingancinsu ba ɗaya ba ne, a gwada maka a shago kafin ka biya. Sai dai faifan PS1, yayar PS2, in ka sa shi a ciki yawanci ƙaramin hoto na 240p yake fitarwa, filasma da yawa ba sa karɓarsa ta wannan hanyar. Masu kuɗi manyan kanbatoci irin RetroTINK ko OSSC suke odar su daga waje, ni kam ban ce kowa ya kai nan ba

Ɗan Agege: Ka ga ni kuwa AV ɗina ba faifan da take ƙi. Ɗaya da ɗaya kenan

Mai Gyara Idi-Araba: Nunawa daban kyau daban oga, kai cewa ka yi 1080p

Kawu Sega: Ku bari in shigo. Tsohuwar na'urar gem ta Sega na samu tokumbo, na jona a tsohuwar talabijin hoto ya fito baƙi da fari, mai shago ya ce wayar ce in sayi wata

Alhaji Mai Gidan Gem: Kawu duba jikinta, in Genesis aka rubuta ta Amurka ce, tsarin hoton talabijin ɗinsu NTSC ne, mu kuwa nan PAL muke. In talabijin ɗin ba mai karɓar duka biyun ba ce ko waya goma ka saya kala ba za ta zo ba

Kawu Sega: Mega Drive aka rubuta

Mai Gyara Idi-Araba: Japan ma Mega Drive suke ce mata kuma NTSC ce ita ma, sunan bai raba gardama ba. Kar ka sayi komai tukuna Kawu, don ko ramin bayansu ba ɗaya ba ne, na samfurin farko babban zagaye ne mai fil 8, na samfuri na biyu ƙarami mai fil 9. Ɗauko min hoton takardar da ke manne a ƙarƙashinta da na bayan talabijin ɗin ka turo