Ina neman shawara kan nazarin Oroonoko: alamci da taurari

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba mu aikin nazarin littafin Oroonoko na Aphra Behn, wanda ya fito a 1688, labarin wani yariman Afirka da aka kai bauta Surinam a Kudancin Amurka, an ce mu duba alamci da taurari. Na karanta sau ɗaya, labarin ya taɓa ni ƙwarai, amma na rasa ta inda zan kama shi. Don Allah wanda ya taɓa aiki a kansa ya taimaka.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, 'yata. Fara da jikin tauraron kafin komai. Koma inda mai ba da labarin take siffanta shi, ki karanta a tsanake. Ta yabi baƙin fatarsa, ta ce sheƙi take yi kamar gogaggen baƙin dutse, sai kuma ta ce hancinsa dogo ne irin na Rumawa, leɓɓansa ba irin na sauran baƙaƙe ba ne, gashinsa har kafaɗa. Wato sai da ta raba shi da kamannin danginsa kafin ta yarda kyakkyawa ne. Riƙe wannan, sannan ki je ƙarshen littafin ki ga yadda aka yi da jikin nan: bulala, a shafa barkono a raunukan, daga baya a yanyanka shi gaɓa-gaɓa a aika gonaki don a tsorata sauran bayi. Wurare biyun nan kaɗai sun isa babi guda.

Rukayya: Na gode Malam. Wallahi wurin hancin nan ya dame ni, amma na ɗauka ni ce nake tsananta wa marubuciyar.

Malam Sani: Ba ki tsananta ba. Abin da ya dame ki shi ne abin rubutawa.

Aunty Bilki: Ƙanwata, ƙara da suna. Da isarsa Surinam, Trefry, mai kula da gonar da aka kai shi, ya sa masa suna Kaisar, ita kuma matarsa Imoinda aka mai da ita Clemene. Daga nan mai ba da labarin ma ta koma kiransa Kaisar. Suna ne na sarauta, amma wanda ya saye shi ne ya raɗa masa, kuma kin san yadda Kaisar na Rum ya ƙare, na kusa da shi ne suka ci amanarsa. Cin amana ya ratsa littafin tun daga kyaftin ɗin jirgin Ingila da ya gayyaci Oroonoko liyafa, ya bugar da shi da giya, ya sa masa mari, har zuwa Byam, mataimakin gwamna, da ya yi masa alkawarin afuwa a rubuce ya karya. Duk inda aka yi rantsuwa ki sa alama da biro, za ki ga wa ke cikawa, wa ke saɓawa.

Abdul Kumasi: 'Yar'uwa, ni ba ɗalibin adabi ba ne, amma garin da aka ce yariman ya fito, Coramantien, Kormantin ɗinmu ne na gaɓar tekun Gana. Ganuwar tana nan a kan tudu a Abandze, bakin hanyar Ankara zuwa Cape Coast. Turawan Ingila suka gina ta, na Holan suka ƙwace a 1665 suka kira ta Fort Amsterdam. Na hau can da ƙafata wata safiya, ba kowa sai iska da ciyawa a tsakanin duwatsu, ga kwale-kwalen masunta a ƙasa suna ta harkarsu. Na daɗe a tsaye ban iya cewa komai ba. Abin da zan ce miki shi ne, fadar da ta zana a littafin, da tsohon sarki mai shekara ɗari da ɗoriya da ɗakin matansa, ba ta yi mini kama da ta Fante ba ko kaɗan. Ta fi kama da fadojin gabas da Turawan lokacin suke son jin labarinsu. Kada ki ɗauke ta a matsayin tarihi.

Usman: Ni fa ina ganin muna cika ɗora wa matar laifi. A 1688 Baturiya ta sa baƙin mutum ya zama gwarzo, ta nuna Kiristocin da ke mulkin wurin maƙaryata ne. Ai ta yi ƙoƙari.

Malam Sani: Ta yi, Usman, ba wanda ya hana ta wannan. Amma tambayi kanka, me littafin yake yi wa kuka? Oroonoko da kansa yana sayar wa Turawa waɗanda ya kamo a yaƙi. A Surinam ma ya tarar da wasu daga cikinsu, suka faɗi a ƙafafunsa. Ya yi tayin fansar kansa da zinariya ko da wasu bayin. Da tawayen bayin da ya jagoranta ya watse, mabiyansa suka miƙa wuya, cewa ya yi dama sun dace da bauta. To ka ga abin da ke ƙona ran marubuciyar shi ne a bautar da ɗan sarki. Ita 'yar goyon bayan sarauta ce ta gaske, an sare kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649 tana yarinya, kuma a shekarar da littafin ya fito aka kori James na Biyu daga karaga. Masu nazari da yawa suna ganin inuwar sarakunan nan a jikin Oroonoko. Rukayya, idan kika gina aikinki a kan wannan saɓanin, ya fi ki tsaya kina yabo ko zargi.

Aunty Bilki: Kuma kada a bar Imoinda a baya, don kowa gwarzon yake bi. Mayafin da tsohon sarki, kakan Oroonoko, ya aika mata don ta zama tasa, wanda ba a isa a ƙi shi ba, shi ne bautarta ta farko tun kafin ta ga jirgi. Sai cikin da take ɗauke da shi. Ɗan da za ta haifa bacucane ne, dukiyar mai gona, shi ya sa mijin ya ƙagu. A tawayen ita ce ta harbi Byam da kibiya mai dafi, da tsohon cikinta, amma muryarta da ƙyar ake jinta a shafukan. Duk lokacin da na zo inda ya yanka ta da hannunsa a daji, aka ce da yardarta, sai na rufe littafin na ɗan jima. Wa ya faɗa mana ta yarda? Thomas Southerne da ya mai da labarin wasan kwaikwayo a 1695, Baturiya ya mai da ita. Wannan ma abin tambaya ne.

Rukayya: Aunty, ita mai ba da labarin fa, zan lissafa ta cikin taurari?

Aunty Bilki: Ƙwarai. Tana cewa ƙawarsa ce, tana da faɗa a ji, amma ranar bulala ba ta nan, ranar kisa ma ba ta nan. Ita ce ma aka sa ta riƙa ɗebe masa kewa da labarai da yawon farautar damisa don kada ya tayar da hankali. Ki ƙirga wuraren da "mu" ɗinta yake komawa "su".

Usman: Na karɓi gyara, Malam. Tawa gudummawar: ta nemi bugun Penguin da Janet Todd ta yi wa sharhi, don Turancin tsoho ne. In malaminta ya yarda, ta ɗan kwatanta da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Can ma an sace yaro an ƙetare hamada da shi, uwar ta bi sawunsa ta faɗa bauta. Sai dai can babu gonar rake, kuma ba launin fata ne ginshiƙin labarin ba, kada ta haɗa su a kwando ɗaya.

Rukayya: Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki jiki, suna da mayafi. Lofen da Oroonoko yake sha ana yanka shi har ya cika, shi ne ban san inda zan sa shi ba.

Malam Sani: Tambayi kanki su wa suke noma tabar, a gonar wa, kuma ina ake kai ta. Rubuta shafi ɗaya a kai ki turo mana kafin Juma'a.