Kuɗin wuta ya yi mana yawa a masana'anta, da wane kaya za mu fara?

Alhaji Garba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Muna da ƙaramar masana'antar roba, da sito babba, da ofis mai hawa biyu. Kuɗin wuta yana neman cinye ribar. An ware mana kuɗin canza kaya a bana, amma ba zai isa a taɓa komai ba. Masu sayarwa kuwa kowa nasa yake yabo. Da me ya kamata mu fara?

Hajiya Rakiya: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai fitilu zan ce, don su ne mafi sauƙi. Doguwar fulorasan mai wat 36, LED mai wat 18 ko ƙasa da haka za ta maye gurbinta. Manyan fitilun rufin sito masu wat 400 kuma, LED mai wat 150 tana ba da hasken da ya wadatar, kuma nan take take kamawa, babu jiran ta yi zafi. Fulorasan ma tana kan hanyar fita kasuwa saboda sinadarin makuri da ke cikinta, Tarayyar Turai ta hana shigo da sababbi kasuwarta tun 2023. A sito ku haɗa da na'urar da ke kashe fitila idan babu motsin mutum.

Injiniya Bashir: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma Alhaji kada a saki ko kwabo kafin a auna. A ofis, sanyaya ɗaki da haske ne ke shan wuta. A masana'anta kuwa moto ne: wajen kashi biyu cikin uku na wutar masana'antu a duniya motoci masu juya fanka, famfo, kwamfiresa da bel ne ke shanye ta. Ku sa ƙaramar mita a kan kowane babban layi, ta yi mako biyu tana ɗaukar lissafi dare da rana. Abu na farko da za ku duba shi ne nawa ake sha tsakar dare da ranar hutu, lokacin da ba a aiki. Wannan adadin kan tayar wa mai masana'anta hankali.

Alhaji Garba: Injiniya, to idan moto ne, a canza su duka ke nan? Sun kusa ashirin.

Injiniya Bashir: A'a ranka ya daɗe. A duba farantin da ke jikin kowanne, za a ga IE1, IE2, IE3 ko IE4, wato matakin ingancinsa. Moto mai kilowat 30 na IE1 ingancinsa wajen kashi 90.7 ne, na IE3 kuma 93.6. Tazarar kamar ba komai, amma idan yana aiki awa 6,000 a shekara, sama da yunit 6,000 ke nan ake zubarwa duk shekara a kan moto ɗaya. Kuɗin sayen moto ɗan kaɗan ne cikin abin da zai ci a rayuwarsa, sama da kashi 90 kuɗin wuta ne. Don haka a fara da masu dogon aiki. Wanda ake kunnawa awa ɗaya a rana a bar shi har ya mutu.

Malam Ɗanjuma: Mu masu naɗin moto kada a manta da mu fa. Moto babba da aka yi wa naɗi mai kyau, da waya daidai kauri da adadin zagaye daidai, yana dawowa kusan yadda yake. Inda ake ɓarna shi ne wajen ƙona tsohuwar wayar da wuta mai ƙarfi don a cire ta da sauri. Zafin yana lalata ƙarfen ciki, daga nan moton zai riƙa ɗumi yana shan wuta har abada. Ƙananan motoci kam, gaskiya sabo ya fi naɗi.

Injiniya Bashir: Haka ne Malam. Sai dai Alhaji, inda babban kuɗin yake shi ne gudun fanka da famfo. Je ka duba bututun ruwan sanyaya injinanku. Idan ka tarar an rufe bawul rabi don rage ruwa alhali moto yana gudu gaba ɗaya, to tamkar direba ne ya taka totur ya kuma taka birki. Maganinsa na'urar daidaita gudun moto, wadda ake kira VFD. A fanka da famfo masu juyawa, idan ka rage gudu da kashi 20, wutar da ake sha tana sauka kusan rabi, domin ƙarfin da ake buƙata yana bin gudun ne idan aka ninka shi da kansa har sau uku: 0.8 sau 0.8 sau 0.8 ya ba da 0.51. ABB, Danfoss, Siemens da Schneider duk suna yin masu kyau. Amma a kula da abu biyu. Famfon da aikinsa tura ruwa sama can ƙololuwar gini ba zai ba da wannan ragin duka ba, don in gudu ya yi ƙasa sosai ruwan ba zai hau ba. Sannan na'urar ba ta son ƙura da zafi, a sa ta cikin akwati mai samun iska.

Maryam Sule: Ba wanda ya taɓo kwamfiresa, kuma a masana'antar roba ita ce ɓarauniyar wuta. Mafi yawan wutar da take sha zafi take zama, kaɗan ne ke isa wurin aiki a matsayin iska. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa yoyo yakan kwashe kashi 20 zuwa 30 na iskar a wuraren da ba a kula. Baba Alhaji, ranar da aka tashi aiki ku bar kwamfiresar a kunne, ku zaga cikin shirun. Za ku ji "sss" a mahaɗar tiyo da bakin bawul. Inda kuke shakka ku shafa ruwan sabulu, kumfa za ta tona shi. A ɗaura wa kowane wuri alama, a gyara cikin makon. Bayan nan a rage matsin iskar: kowane bar ɗaya (ma'aunin matsin iska) da aka sauke yana rage wajen kashi 7 na wutar. Sai an yi wannan za a san girman kwamfiresar da ake buƙata, in ma sabuwa za a saya. Mai sauya gudu tana da amfani ne inda buƙatar iska ke hawa da sauka.

Hajiya Rakiya: Na ofis kuma, AC mai inbata za ku nema, ku duba tambarin taurarin da ke jiki, kada a sayi wadda ta fi ƙarfin ɗakin. A tsayar da ita a digiri 24. Indiya ta mai da 24 ya zama inda sababbin AC ke farawa tun 2020, hukumarsu ta ce kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage wajen kashi 6. A riƙa wanke matatar, a kuma bar na'urar waje ta sha iska.

Alhaji Garba: Allah ya saka da alheri. Wani ya kawo mini ƙaramin akwati, wai a soka shi a soket ya rage kashi 30 na kuɗin wuta. Ya kuka gani?

Injiniya Bashir: Kada ka saya Alhaji. Kafasita ce ƙarama a ciki, wato na'urar da ke riƙe cajin wuta na ɗan lokaci, ba ta rage yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Akwai babban akwatin kafasita na gaskiya da ake haɗa wa masana'antu, kuma yana da amfani idan kamfanin wuta yana cajin ku a kan kVA, wato nauyin wutar da kuke ɗora wa layinsa, ko yana cin ku tara a kan hakan. Duba takardar kuɗin wutarku, in babu wannan layin, ba zai mayar da kuɗinsa da wuri ba. In kuma za a sa VFD da yawa, a gaya wa mai haɗa kafasitar tun farko, don suna dagula wutar layi har su ƙona ta.

Maryam Sule: Ƙari a kan fitilun Hajiya: awa 50,000 da ake rubutawa a kwali na ƙwayar hasken ne. Abin da ke fara mutuwa shi ne ɗan akwatin da ke ba ta wuta, musamman a ƙarƙashin rufin kwano mai zafi. Ku tambayi mai sayarwa ko ana iya canza shi shi kaɗai, kuma ya rubuta muku garantin shekara biyar a takarda.

Alhaji Garba: To madalla. Injiniya, wace irin mita zan ce a kawo?

Injiniya Bashir: Mai layi uku, mai maƙalawa a jikin waya ba sai an yanke ta ba, wadda ke adana lissafi duk minti 15. Ƙwararren mai aikin wuta ne zai maƙala ta. A fara da layin kwamfiresa.