Abin da aka tattara kan binciken laifi da hukunci a Arewa bayan mulkin mallaka

Ga ɗan'uwan da ya nemi shawara kan kundin digirinsa, wanda ya shafi laifi da hukunci a Arewa bayan mulkin mallaka, na tsinto abin da masu ba shi shawara suka faɗa:

1. Kusan kowa ya ce kada ya fara daga 1960. Kundin Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, da aka zartar a 1959, wanda aka kwaikwayo daga na Sudan, shi ya raba alƙalai da hukunta manyan laifuka bisa fiƙihun Malikiyya. A 1968 kuma gidajen yarin En'e suka koma hannun gwamnatin tarayya.

2. Takardu suna Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, duk a Kaduna. Amma yawancin rahotannin da ke can Razdan da Di'o ne suka rubuta, da idon mai mulki. Don haka ɗan'uwan ya haɗa da karanta littattafan alƙalai na Larabci, ya kuma zauna da tsofaffin dogarai da mallaman kotu tun suna raye. Wani ya ce ya riƙe goro.

3. Kan shari'ar Musulunci da Zamfara ta fara a 2000 aka rabu. Wasu na ganin maido abin da Turawa suka karɓe ne, wasu suka ce siyasa ce. Ba a daidaita ba.

4. Masu jiran shari'a sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa a gidajen gyaran hali. Mutum biyu suka ce nan ya kamata ya tsaya, ni ma ra'ayina ke nan.

5. Sunan fursuna kada ya fito a kundi.