Neman kalma: akwatin da ake saka tsofaffin katunan sauti, me za mu kira shi?

Mai haɗa sauti, Nima

Salamu alaikum jama'a. Ina neman kalmar Hausa da za ta tsaya wa abin nan da Turawa ke kira expansion chassis. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba: akwati ne na ƙarfe mai fankarsa da wutarsa, a cikinsa akwai gurabe irin na babbar kwamfutar tebur. Ka zura kati a gurbi, ka ja kebul ɗaya zuwa laftof, sai ita laftof ɗin ta ɗauka katin a cikinta yake. Kamfanonin Magma da Sonnet da OWC duk sun ƙera shi.

Abin da ya sa nake nema, yaran da ke koyon aiki a wurina kullum suna tsinto katunan UAD da Pro Tools HD da PowerCore cikin kayan da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema, nan Ghana, waɗanda masu sutudiyo a Turai da Amurka suka gama ci suka yar. Irin katin nan ba ya ɗaukar murya. Aikinsa ya sauke wa kwamfuta nauyin lissafi, shi ke yin amsa-kuwwa da matse murya da daidaita ta. To laftof ba ta da gurbi, Mac Pro ɗin da Apple ya fitar a 2013, mai siffar tukunya, shi ma ba shi da ko ɗaya. Dole sai akwatin. Ina so in yi musu bayani da Hausa, amma da na zo kan sunan sai in koma Turanci. Ni dai abin da ya zo mini shi ne akwatin faɗaɗawa, kuma ko a bakina bai zauna ba.

Ɗan kasuwa, Madina

Yaya, wahalar da kai kake yi. Mu bokis muke cewa, kowa ya gane.

Mai haɗa sauti, Nima

Sifika ma bokis ne a wurinku, dikoda bokis, mita bokis. In na aiki yaro Circle, inda ake sayar da kayan lantarki, ya sayo bokis, Allah kaɗai ya san abin da zai dawo da shi.

Malamin makaranta, Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam. Akwatin faɗaɗawa fassara ce ta kalma da kalma, kuma Bahaushe in ya ji ta zai ɗauka akwatin ne ke faɗaɗa, kamar mai buɗewa gida-gida. In dai wannan hanya za a bi, akwatin ƙari ya fi sauƙi a baki. Amma mu nan Kumasi muna da adaka. Tsofaffinmu na faɗa, Asantawa ma adaka suke cewa, ka ga an huta da fassara a kasuwar Adum. Adakan kati. Me kuka gani?

Ɗan kasuwa, Madina

Malam, adaka fa har na gawa akwai. Amma ya dace, tunda rabin katunan nan gawa ne.

Mai gyara, Circle

Ku bari in sa baki, don ni ake kawo wa abin nan bayan an riga an biya kuɗi. Duk sunan da za ku zaɓa, kada ya zama wanda zai sa yaro ya ɗauka cewa da kati ya shiga akwati shi ke nan aiki ya tashi. A nan mutanenmu ke asarar sidi.

Ɗauki katin ka juya gindinsa, ka dubi haƙoran nan masu ruwan zinariya. Akwai giɓi a tsakaninsu, kuma giɓin nan shi ne farkon labari. Tsofaffin katuna irin UAD-1 na 2001 da Pro Tools HD na farko, na 2002, gurbin PCI aka yi wa su: haƙora dogon layi guda. Wanda giɓinsa ke nesa da ƙarfen bayan kati, bolt 5 yake ci. Wanda giɓinsa ke kusa da ƙarfen, bolt 3.3. Mai giɓi biyu yana cin kowanne. Da gangan aka yi haka don kada kati ya shiga inda zai ƙone. Lokacin da Power Mac G5 ya fito a 2003 da gurabe masu bolt 3.3 kaɗai, masu katunan bolt 5 da yawa sun zauna riƙe da kati a hannu, ga sabuwar kwamfuta ga kati, babu hanyar haɗa su.

Sannan aka koma PCIe, wanda haƙoransa ƙanana ne, a matse, giɓinsu a wani wuri daban. UAD-2 na 2008 irinsa ne. Akwatunan da kuke gani yanzu masu haɗuwa da laftof ta kebul ɗin Thunderbolt, gurbin PCIe ne a cikinsu. Katin PCI ko da guduma ba zai shiga ba. An taɓa kawo mini wani da aka goge gefen gurbin da zarto don a tilasta masa, an lalata akwatin, katin kuma ya tanƙware haƙori. Wanda ya sayar wa yaron ya rantse masa cewa kati kati ne.

Akwai tsofaffin akwatunan Magma masu gurbin PCI, su ne gidan waɗancan katunan. Amma su kuma ba da Thunderbolt suke haɗuwa ba, da wani ɗan kati ne da ake sawa a cikin kwamfutar, ko ta kafar ExpressCard ta tsofaffin laftof. In an sayar maka da akwatin babu ɗan katin nan da kebul ɗinsa, ƙarfe ka saya.

Malamin makaranta, Aboabo, Kumasi

To ashe kalma biyu muke nema. Ɗaya ta akwatin, ɗaya kuma ta abin da suke kira compatibility.

Mai gyara, Circle

Ta biyun ba sai an ƙirƙira ba, Malam. A benci na abin da muke faɗa uku ne, kuma kowanne da wurinsa. Ya shiga, wato haƙora sun zauna, murfi ya rufu. Wannan ma ba kullum ba, don kati mai cikakken tsayi ya haura santimita 31, ƙananan akwatuna ba sa ɗaukarsa, kuma katin HDX na kamfanin Avid bayan tsayin yana son wayar wuta tasa daban. Na biyu, ta gan shi, wato kwamfuta ta nuna sunansa a jerin kayanta. Na uku, sun jitu, wato ka buɗe waƙa mai layi talatin ka yi awa biyu babu ƙarar tas-tas, babu daskarewa. Kati na iya shiga, a gan shi, amma jituwa ta gagara.

Mai gabatar da shiri a rediyo, Asawase

Jituwa ta yi mini. Da dacewa na so in ce, amma dacewa ta hula da riga ce, ido ke yanke ta. Jituwa sai an zauna tare ake saninta.

Game da akwatin kuwa, ku 'yan Ankara, wato Accra, kun manta inda kuka fito ne? Mu jikokin fatake ne. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro, in sun isa Salaga ba a kasuwa suke kwana ba, kowane ayari da mai gidansa, shi ke ba su ɗaki, ya ajiye kayansu, ya ciyar da su. Bayan yaƙin Salaga na 1892 da mutane suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara, da al'adar suka taho. Katin nan baƙo ne, an yi shi don wani gida, gidan ya rushe, yana neman inda zai sauka kusa da sabuwar kwamfuta. Sunan wurin a Hausa a shirye yake: masauki. Masaukin kati.

Ɗan kasuwa, Madina

Hajiya ta zo da tarihi. To me ya hana mu ce zangon kati kawai, mu ma a san da mu?

Mai gabatar da shiri a rediyo, Asawase

Ɗana, zango na masu wucewa ne a asalinsa, a kwana a tashi. Kuma a ƙasar nan in ka ce zango unguwa za a ji, ba ɗaki ba. Ka je Adum ka ce kana neman zangon kati ka ga ko ba a nuna maka motar Aboabo ba.

Malamin makaranta, Aboabo, Kumasi

Ina da ja kaɗan, Hajiya. Masauki na ɗan lokaci ne, katin kuwa in an ɗaure shi da sukuru yana iya shekara biyar bai motsa ba. Me zai hana gidan kati? Muna cewa gidan waya, gidan sauro, gidan batir. Tsarin harshen ya riga ya karɓe shi, yaro ba ya bukatar bayani.

Mai haɗa sauti, Nima

Malam, na juya gidan kati a baki, yana da daɗi, amma akwai matsala biyu. Yaran nan in ka ce gidan kati, ramin sim ko na memori za su nuna maka a waya. Na biyu, gidan abu wuri ne da aka auna aka yi dominsa. Gidan batir, batirinsa na shiga ya yi aiki, babu tambaya. Wannan shi ne ainihin tunanin da Kawu na Circle ke cewa mu kashe.

Mai gyara, Circle

Shi ne. Ni ina bayan Hajiya, kuma ga dalilina daga wajen aiki. Akwatin abu uku kawai yake ba kati: wurin zama, wuta, da hanya zuwa kwamfuta. Magana tsakanin kati da kwamfuta ba aikinsa ba ne, aikin direba ne, ɗan shirin da kamfanin katin ya rubuta. In kamfani ya daina rubutawa, ko akwatin zinariya ka saya shiru za ka ji. TC Electronic ya daina ci gaba da PowerCore tun 2011. Pro Tools 10 shi ne na ƙarshe da ke aiki da tsofaffin katunan HD, na 11 da ya fito a 2013 ya bar su. A 2019 macOS Catalina ya daina buɗe shirye-shirye masu bit 32 gaba ɗaya. A 2020 kuma Apple ya koma kan nasa injin, M1, wanda direban da aka rubuta wa injin Intel ba ya hawa kansa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar tarin katuna lafiyayyu a ƙasa, babu abin da ya ƙone a jikinsu.

Ko a Mac mai injin Intel, direban sai ya zama an rubuta shi ya san Thunderbolt, don kati a cikin kwamfuta ba ya ɓacewa ana tsakiyar aiki, amma na cikin akwati yana iya ɓacewa da an taɓa kebul. Mu kuma ga dumso. Wuta ta ɗauke, laftof ta ci gaba a kan batir, akwati ya mutu, katin ya ɓace mata a tsakiyar waƙa, sai ta daskare da aikin da ba ka adana ba. Duk mai akwatin nan a Ankara ya sa shi a kan UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, kafin ya sa komai. Tsofaffin na PCI kuma akwatin ake fara kunnawa, sannan kwamfuta, don a lokacin tashi take ƙirga katunanta, wanda bai halarta ba ba ta sake nemansa. Kuma in daga Amurka ya zo, duba bayansa ko akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Wanda ya manta ya ji ƙauri.

Wani abu kuma da ke cin yara: kafar USB-C da ta Thunderbolt 3 siffarsu ɗaya, kebul na shiga daram, amma in babu alamar walƙiya a gefen kafar, ka bincika kafin ka biya, don laftof da yawa USB ne kawai a wurin.

Malamin makaranta, Aboabo, Kumasi

To na sauko, amma da sharaɗi. A rubutu a fara kawo shi cikakke sau ɗaya, masaukin katin sauti, don wanda bai san sana'ar ba ya gane, daga nan a riƙa cewa masauki. Jam'i masaukai. Kuma adaka ba zan bar shi ya mutu ba, a Kumasi za mu ci gaba da faɗa a baki.

Ɗan kasuwa, Madina

Ni dai a shago bokis zan ce, kwastoma ba ya jiran darasi. Amma in ya tambaya ko zai yi aiki da katinsa, zan ce masa masauki ne kawai nake sayarwa, jituwa ya je Circle ya tambayi Kawu.

Mai haɗa sauti, Nima

Na karɓa: masaukin kati, gurbi, giɓi, jituwa. Na gwada jimlar a kan ƙaramin yarona yanzu, na ce masa katin ya sauka a masauki amma ba su jitu da kwamfutar ba, bai tambaye ni ma'ana ba, sai ya ce to direba ne ko kebul. Direba dai na bar shi yadda yake, ko da yake rannan wata tsohuwa a gidanmu ta ji ina cewa direba ya ƙi hawa, ta tambaya ko na tirotiro ne, motar haya.

Kawu, akwai UAD-2 guda biyu da wani dogon kati mara suna a jiki da aka kawo mini jiya. In kawo su ranar Asabar?

Mai gyara, Circle

Turo hoton haƙoransu tukuna, gaba da baya, da sunan laftof ɗin da shekararta. Dogon in na PCI ne kada ka ɓata kuɗin mota.