Yadda zan sa suwic ya sanar da ni matsala daga nesa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna) mai ramuka 24 a wata makaranta, kuma ina so in riƙa samun sanarwa ina gida idan wani layi ya yanke. Ta ina zan fara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kunna SNMP (tsarin sa ido kan na'urorin sadarwa daga nesa), sannan ka ba suwic ɗin adireshin kwamfutar da ka ɗora wa manhajar sa ido irin Zabbix ko LibreNMS. Kwamfutar tana tambayarsa ta ƙofar sadarwa ta UDP mai lamba 161, shi kuma yana aika faɗakarwa ta 162. Ka zaɓi sigar SNMPv3, domin tsohuwar sigar v2c tana aika kalmar sirri a fili.

Amsa ta biyu: Ɗan'uwa, kada ka dogara da faɗakarwar kaɗai, domin idan aka ɗauke wuta suwic ɗin ya mutu, ba zai iya aika komai ba, kwamfutar da ke tambayarsa ce za ta lura ya yi shiru, muddin tana kan batiri. Ka saita agogonsa da NTP, wato tsarin daidaita lokaci ta hanyar sadarwa.

Mai tambaya: Na gode. Shin in buɗe ƙofar 161 ga intanet?

Amsa ta farko: A'a, ka shiga ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a kan intanet.