Musayar linki tsakanin shafuka: ba ni gishiri in ba ka manda tana ɗaga shafi a Google?

Uwar Girki:

Assalamu alaikum. Ina da shafin girke-girke da Hausa a kan WordPress, maƙaloli kusan 80. A wani zauren WhatsApp na masu shafuka an kawo shawarar kowa ya buɗe fage ɗaya mai suna "Abokan Hulɗa", ya jera linkin sauran mutum 30, su ma su jera nasa. Wai cikin wata biyu duk za mu hau sahun farko a sakamakon bincike. A cikinmu akwai masu labarai, masu waƙoƙi, masu ƙwallo, da wasu biyu masu hasashen caca. Don Allah masana, abin nan yana aiki? Kuma Google na hukunta mai yin sa?

Malam Na-Kwamfuta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki shiga. Irin wannan tsarin Google ta ambace shi da kansa a dokokinta na yaƙi da shara, wato spam: yawan musayar "sa nawa in sa naka", da buɗe fage don jera abokan musaya kawai, duk suna cikin abin da ta ɗauka a matsayin maguɗi. Ki lura da kalmar "yawan". Ba a haramta shafi biyu su ambaci juna ba. Abin da aka hana shi ne a mayar da abin adashi.

Dalilin da ya sa mutane suke kwaɗayin abin yana da asali. Tun 1998, lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka fito da PageRank a Jami'ar Stanford, ana ƙirga linki kamar shaidar da wani shafi ya ba wani. Amma darajar shaidar rabuwa take yi. Fagen da ya jera linki 30, ɗan ƙarfin da yake da shi gida 30 zai kasu, ban da linkin menu da na gindin shafi da su ma suke cin rabonsu. Shi kuma fagen "Abokan Hulɗa" ba wanda yake karanta shi, ba wanda yake kawo masa linki daga waje, saboda haka tun farko tukunyar babu komai a ciki. Abin da zai iso gare ki bai kai ya kawo ba.

Sannan gane tsarin ba wuya. Shafi 31, kowa yana nuna kowa, duk a mako ɗaya, da kalmomi iri ɗaya. Tun Afrilun 2012 aka saki Penguin, tsarin Google na farautar linkin maguɗi, don irin wannan. A Satumban 2016 aka shigar da shi cikin ainihin lissafin Google, kuma daga lokacin ya fi karkata ga soke darajar linkin maimakon danne shafin gaba ɗaya. A Disamban 2022 kuma aka sa SpamBrain, manhajar Google ta gano shara, a aikin, yana gano masu sayen linki da shafukan da aka gina don raba linki kawai. Wato mafi yawan lokuta ba za ki ga hukunci ba, ba za ki ga riba ba, aikin banza ne kawai. Amma akwai hukuncin hannu, wanda ma'aikacin Google yake yankewa, shi ne mai zafi.

Abin da ya fi damuna a jerin naku shi ne masu cacar nan. Linkin da yake shigo miki ba ki da iko a kansa, Google ma ta san haka. Wanda yake fita daga shafinki kuwa da hannunki kika sa shi, ke za a tambaya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ɗan Farm Centre:

Malam ya yi bayani, amma ai akwai dabarar da masu harkar suke yi yanzu: musayar murhu uku. Shafin A ya nuna B, B ya nuna C, C ya dawo ya nuna A. Babu shafi biyu da suke kallon juna kai tsaye, to ta ina za a kama? In an haɗa da shafi mai DA (makin ƙarfin shafi) 40 zuwa sama, ina ganin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Injiniya Mai Saba:

Ɗan'uwa, murhu uku ɓoye kai ne a bar jiki a waje. Google ba shafi biyu take kallo ba, taswirar linkin intanet take riƙe da ita, da'ira mai ƙafa uku kuwa ba ta fi mai ƙafa biyu wuyar gani ba idan ta yi ta maimaituwa. Balle yawanci C da A na mutum ɗaya ne: saba (kwamfutar da take ɗauke da shafin) ɗaya, lambar tallan AdSense ɗaya, jigon WordPress ɗaya.

Maganar DA kuma a daina ruɗin kai. DA ma'aunin kamfanin Moz ne, takwaransa DR kuma na kamfanin Ahrefs ne, Google ba ta amfani da ko ɗaya. Ana iya kumbura su da linkin bogi, ana kuma sayen tsohon adireshin da ya mutu mai lamba babba a zuba masa shara. Lambar tana nan, masu karatu babu.

Hajiya, in wani ya zo miki da tayin musaya shi kaɗai, ba a taron dangi ba, ga yadda ake tantance shi. Fara da tambaya ɗaya: mai karanta yadda ake dambun shinkafa zai amfana in ya danna linkin nan? In shafin mai sayar da kayan ƙamshi ne, ko na likitar abinci mai bayani kan ciwon suga, i. In na sakamakon wasan Arsenal ne, a'a, magana ta ƙare. In ya tsallake wannan, rubuta site: haɗe da adireshinsa a Google, ki ga ko an ma san da maƙalolinsa. Shafin da ya ce yana da rubutu 500 amma 12 suka fito, akwai matsala. Buɗe maƙala biyar ki kwafi jimla ɗaya daga kowace, ki sa ta tsakanin alamun zance ki bincika. Shafukan labaran Hausa da yawa kwafar BBC Hausa da Aminiya suke yi kalma da kalma, linki daga irinsu ba shi da nauyi.

Bayan an yi musayar ma akwai ha'inci, kuma nan ne aka fi cutar sababbin shiga. Buɗe fagen da ya sa linkinki a kwamfuta, danna Ctrl da U, lambobin shafin za su fito, sai ki nemi adireshinki da Ctrl da F. In kin ga rel="nofollow" a jikinsa, alamar da take ce wa Google kada ta ƙirga linkin a matsayin shaida, ya karɓi naki cikakke ya ba ki fanko. Nemi kalmar noindex a saman lambobin, in tana nan ya hana Google sa fagen a rumbunta. Ƙara /robots.txt a ƙarshen adireshinsa ki duba ko ya toshe fagen. Wasu kuma sukan bar linkin mako uku su cire, suna sane ba za ki koma dubawa ba. Saboda haka ajiye jadawali: adireshi, ranar da aka sa, ki riƙa leƙawa duk wata.

Wurin da linkin ya zauna ma yana da tasiri. Guda ɗaya a cikin tsakiyar maƙala mai alaƙa ya fi wanda aka liƙa a gindin shafi yana maimaituwa a fage dubu. Kalmomin da aka ɗora shi a kai su kasance na ɗabi'a, sunan shafinki ko taken girkin. In shafi 20 duk suka rubuta "girke-girken Hausa mafi kyau" harafi da harafi, kowa ya san baki aka haɗa.

Malam Na-Kwamfuta:

Injiniya ya gama magana. Ƙari ɗaya: in akwai kuɗi ko kyauta a tsakani, ko da buhun shinkafa kamfani ya aiko a tallata, a sa rel="sponsored". Linkin da masu sharhi suke sakawa kuma rel="ugc". An fito da su biyun a Satumban 2019, shi nofollow tun 2005 yake. Da waɗannan alamomin za ki iya nuna duk abokin da kike so ba tare da fargaba ba, don kin riga kin gaya wa Google ba shaida kike bayarwa ba.

Uwar Girki:

Allah ya saka da alheri. Wasu a zauren sun riga sun yi wata uku suna yi. Su ina mafita?

Injiniya Mai Saba:

Su fara buɗe Search Console, wurin da Google take nuna wa mai shafi halin da shafinsa yake ciki, su shiga Security & Manual Actions, sannan Manual actions. In an rubuta babu matsala, su goge fagen abokan kawai, ko su bar biyu ko ukun da suke da alaƙa ta gaske, su ci gaba da rubutu. Ba sai sun yi komai bayan haka ba.

In kuma sun tarar da saƙon linkin da ba na ɗabi'a ba, su duba wane iri ne. Na masu fita daga shafi ya fi sauƙi: a cire su ko a sa nofollow. Na masu shigowa sai an je sashen Links, a sauke jerin shafukan da suke nuno su, a rubuta wa masu shafukan su cire. Waɗanda suka ƙi, a tara su a fayil na .txt, layi ɗaya adireshi ɗaya, a fara kowane layi da domain: in ana son a yi watsi da shafin gaba ɗaya, a ɗora a kayan disavow, wato na barranta daga linki, da Google ta samar tun Oktoban 2012. Daga nan a danna Request Review, a faɗi abin da aka yi da abin da aka gyara ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amsa takan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kuma kada a sake aikawa kafin ta zo. A yi hattara da disavow ɗin nan: in babu hukuncin hannu, a bar shi, don wanda ya jefa shafuka masu kyau a cikin fayil ɗin bisa kuskure da kansa ya yanke igiyar da take riƙe da shi, kuma ko ya cire su daga baya sai Google ta sake zagayowa kansu kafin darajar ta dawo.