Layukan na'urar Michelson sun ƙi tsayawa: wa ya taɓa fama da wannan?

Ɗalibin digiri na biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina awon matakin igiyar haske da na'urar Michelson, wadda ke raba haske gida biyu zuwa madubai biyu ta sake haɗa shi ya fitar da layuka. Ina amfani da leza ja ta He-Ne (iskar heliyam da niyon) mai tsawon igiya nanomita 632.8, amma layukan haske da duhu sai rawa suke a kan allo. Na ɗauki hotuna 100 na fitar da matsakaici, abin bai gyaru ba. Don Allah a taimaka.

Mai kula da ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tsaya tukuna, rawar wace iri ce? Karkarwa suke ko tafiya suke a hankali zuwa gefe guda? Matsakaici na maganin hayaniyar da ba ta da alkibla ne kawai, hotuna 100 su rage ta sau 10. Tafiyar gefe guda kuwa, ko dubu ka tara tana nan. Madubi ya gusa da nanomita 316 kacal, layi guda ya wuce, shi ya sa takun mutum a baranda ma yake bayyana. Mu a wajenmu janareta ne ya hana mu sakat. Muka sa tiyub ɗin tayar mota mai 'yar iska kaɗan a ƙarƙashin falan dutse mai nauyi da na'urar ke kai, karkarwar ta lafa. In ka cika masa iska ya yi tauri, aikin banza ne.

Malama a sashen fiziks: Ni matsalata iska ce. Zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 1, saurin haske a iska ya sauya da kusan kashi 1 cikin miliyan. In hannayen na'urar biyu, wato hanyoyin da hasken ke bi zuwa madubai, sun bambanta da santimita 10, wannan kaɗai ya kai kusan sulusin layi. Na daidaita tsawonsu, na kife kwali a kan komai, na kashe esi, na bar lezar ta ɗumama kafin in fara. Kwalin nan ya fi wasu kayan tsada amfani, wallahi.

Wani da ke karatu a Jamus: Ni hasken lezar ne ke hawa da sauka. Na sa fotodayod biyu, masu auna ƙarfin haske, a mafita biyu na na'urar, na cire sigina ɗaya daga ɗaya, hayaniyar da suka yi tarayya a kai ta tafi. Ka kuma duba ko hayaniyar ta fi ƙarfi a 50 Hz, wato sau 50 a daƙiƙa, wannan galibi wutar lantarki ce ke shiga wayoyinka. Kuma in fizo ɗinka, abin da ke gusa madubi taku-taku, ba ya sauya matakin igiyar da digiri 90 cif a kowane taku, bar lissafin hotuna huɗu ka koma na hotuna biyar na masani Hariharan, na 1987, ya fi jure wannan kuskuren.

Ɗalibin digiri na biyu: Na gode ƙwarai. Malama, tafiyar gefe guda ce, kuma esi na hura teburin kai tsaye. Zan fara da kwali. Tiyub ɗin fa, Yallaɓai, ɗaya ya isa ko sai uku?